Koriyar Baba Ba Ta Taka Gishiri

Asabar, 4 ga Nuwamba

Yau muka kwantar da koriyar motar Baba. "Kwantarwa" yake cewa, sai ka ce jaririya. Kujera biyu gare ta, gajeriya har sai mutum ya durƙusa mata kafin ya shiga, ƙararta kuwa ta ishi unguwa. Tun ina sakandare ya sayo ta, kuma dokar ba ta taɓa sauyawa ba: ranar da motocin hukuma suka fara watsa gishiri a titunan Almaty don narkar da ƙanƙara, ta daina fita sai ruwan bazara ya wanke gari.

Ya ƙara wa tayoyi iska, na cire batir, ya cusa tsumma a bakin salansa saboda ɓeraye. Da hannu yake laluben komai yanzu. Na yi kamar ban gani ba.

Inna daga bakin gareji ta ce ita ba a taɓa lulluɓa mata bargo da wannan ladabin ba. Baba ya ce, "Ai ke ba kya tsatsa." Ta tafi tana dariya, wai ta samu yabon shekara.

Talata, 21 ga Nuwamba

Likita ya faɗa ba kwana-kwana. Jijiyar idon Baba na mutuwa, ba sauran tuƙi.

A hanyar gida, cikin farar motata mai ƙofa huɗu da ba ta da labari ko ɗaya, Baba ya ce da bazara ƙanena Sanjar zai ɗauki koriyar. Shi ne auta, gidan uba da abin da ke ciki nasa ne, haka muka tarar. Sanjar da ke Astana, inda hunturu ke cin rabin shekara. Sanjar da ko kofin shayinsa ba ya wankewa. Hunturu biyu ya isa gishiri ya cinye mata ciki.

Na ce to. Me ya shafe ni? Kimiyyar sinadarai nake koyarwa. Duk shekara sai na gaya wa ɗalibai cewa kowane ƙarfe hanyar komawa ƙasa yake nema. Baba dai ya daɗe yana tare masa hanya, shi ke nan.

Asabar, 9 ga Disamba

Dusar ƙanƙara har gwiwa. Takalmana sun yi farin gemu saboda gishirin titi. Shayi da madara wurin Inna, tuffa busasshiya, Baba na ba da labarin yadda ya tsere wa ƴan sanda a hanyar dutse. Bara biyu ne, bana sun zama biyar. A titi kaɗai yake ƙin gishiri.

Asabar, 30 ga Disamba

Sanjar ya iso hutun sabuwar shekara. Ya yi ƙiba, ya rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa. "Yaya Farfesa, har yanzu ba a samu mai ƙarfin halin aurenki ba?" Na ce ana kan bincike. Ina son yaron nan, abin haushi.

Talata, 2 ga Janairu

Da safe Inna ta aike ni gareji ɗauko tulun kabeji mai tsami. Ina buɗe ƙofa ɗumi ya bugi fuskata. Hita a kunne. Ƙarƙashin koriyar ruwa ne baƙi ya kwanta, gefen tayoyi ya yi fari fat.

Jiya da rana, Baba na barci bayan ya ƙoshi da naman doki, Sanjar ya mayar da batir ya zaga gari da ita. Da ya dawo sai ya kunna mata hita, wai ƙanƙarar ta narke kada a gane, kuma wai kada ta ji sanyi. Tausayi ke nan.

Na jawo shi da kunne. Na ce gishiri a daskare barci yake yi, ɗumi da danshi ne ke tashinsa ya fara ci. Ka ɗauko ɓarawo daga titi, ka shimfiɗa masa, ka hura masa wuta.

"Haba Yaya, mota ce fa, ba kakarmu ba."

Maganata ce. Shekara da shekaru ni ke faɗin haka a gidan nan. Ban san me ya sa ta yi min ɗaci a bakinsa ba.

Muka ɗaga ta a jak. Shi ya yi ta jigilar ruwan ɗumi daga kicin, ni na kwanta a kwali da tiyo da tsohon burushin haƙori. Ban taɓa ganin cikinta ba. Ba tabon tsatsa ko ɗaya, kowane kusurwa an shafe shi da man kariya, har inda yatsa ba ya kaiwa sai da dabara. Mutum ya yi shekaru a kwance a nan shi kaɗai, mu muna ciki muna yi masa dariya. Na wanke, na ɗauraye, na busar da abin busar da gashin Inna, sannan na buɗe ƙofa sanyi ya shigo.

Bayana ya riƙe. Farcena biyu sun tafi.

Laraba, 3 ga Janairu

Baba ya shiga gareji, mu biyu a bayansa kamar masu jiran hukunci. Ya durƙusa, ya shafa ƙasan ƙofar motar da yatsa, ya lasa. Ya sake shafa bayan taya, ya lasa.

"Ba gishiri," in ji shi. Sanjar ya saki numfashi. "Ba kuma ƙurar da na bari a Nuwamba."

Baba ya juyo gare mu.

"Mai ɓarnar na san shi tun yana zanin goyo. Mai gyaran ne ban sani ba."

Na ce wataƙila ɓeraye ne. Ya ce lallai ɓerayen bana sun yi jami'a.

Amma maganar bazara tana nan. Al'ada ce, kuma ya riga ya furta.

Alhamis, 15 ga Fabrairu

Gyaran takardun ɗalibai. Ɗaya ya rubuta cewa tsatsa "gajiyar ƙarfe" ce. Na ba shi rabin maki.

Lahadi, 25 ga Fabrairu

Na leƙa gareji duba tsumman salansa. Na ɗan zauna a ciki, saboda ƙafata ta gaji. Warin fata da tabar da Baba ya daina sha. Ba wanda ya gan ni.

Juma'a, 22 ga Maris

Nauryz, bikin shigowar bazara. Kunun idi, baƙi, ruwan sama tun safe. Baba ya ƙi zama da mutane, yana bakin taga yana sauraron ruwan.

Asabar, 6 ga Afrilu

Baba ya ce titi ya wanku, in fito da koriyar. Ni.

Sitiyarinta a dama yake, don haka direba ba ya hango abin da ke tahowa in zai wuce babbar mota, sai na kujerar hagu ya duba masa. Ina yarinya aikina ke nan: in leƙa in ce "wuce" ko "dakata". Yau shi ne a hagu, da idon da ba ya raba mota da bishiya.

Sau biyu ta mutu min kafin bakin titi. "A hankali da kuloci, Togjan, ba kyankyaso kike takawa ba." A hanyar dutse muka tarar da motar yashi tana jan ciki. Na haƙura a bayanta. Baba ya sauke gilashi, ya karkata kai waje, ya saurara.

"Wuce!"

Ban wuce ba, ina da hankali. Sai da na leƙa da kaina, kuma ba komai a hanyar. Na taka. Abin da ya fito daga bakina ba zan rubuta ba. Baba na dukan gwiwarsa yana ihu kamar ɗan kallon sukuwa.

Mun dawo da kumatu jajaye. Inna ta dube mu ta ce da mahaukaci ɗaya take da shi a gidan.

Talata, 9 ga Afrilu

Sanjar ya kira, yana tambayar ranar da zai turo a ɗauko masa motarsa. Na ce zan ba shi tawa, farar, da tayoyin hunturu da komai. Koriyar ta zauna.

Ya yi dariya har da tari. "Yaya, ke fa kika ce—" Na ce na san abin da na ce. Ya ce dama matarsa na da ciki, ina zai sa jariri, a bonet? Ya karɓa. Na gaya wa Baba, ya ce tunda mai abu ya bayar, shi ba ruwansa, sannan ya nemi ƙarin shayi da murya wata iri.

Lissafi ne kawai. Kujera biyu ce, ba abokin aikin da zai ƙara cewa in rage masa hanya.

Daga Nuwamba zuwa Afrilu kuwa bas zan riƙa hawa. Dama an ce tsayuwa a sanyi na gyara fata.