Katakon Motar Asibiti da Ka Bar Mini

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, kai da Gwaggo da yara. Yaya ƙafar taka, yaya kuma sanyin Jos? Mu nan Tarauni sai godiyar Allah.

Ka tuna dogon katakon nan na motar asibiti da ka bar mini, wanda ka koya mini ɗaure wanda ya yi hatsari a kai? Har yau ina jin muryarka: "Ja bel ɗin sosai, Nasiru, ko yana kuka."

To, yanzu aiki ya canza. A horon da aka yi mana, malamar ta ce masana sun tattara binciken ƙasashe daban-daban sun tace, ba su sami tabbacin cewa ɗaure mutum ya daɗe a kan katako yana kare laka ba, amma an ga yana jawo ciwo da takura numfashi. Raina bai so ba, har na yi mata gardama da sunanka.

Ranar Talata wani mai adaidaita ya kife a Gyadi-Gyadi, yana kukan baya. Hannuna ya kai kan bel kafin in tuna. Muka ciro shi da katakon kawai, muka mayar da shi gado mai katifa, abokin aikina na riƙe da kansa. Ya ce, "Malam, yanzu na sami numfashi." Jiya aka sallame shi, da ƙafarsa ya fita.

Kawu, mutum nawa suka ce mana bel ɗin ya matse su, muka ce su yi haƙuri? Abin da aka sani ke nan a lokacin, na sani. Katakon yana nan, kullum ina goge shi yadda ka saba.

A gaishe da Gwaggo. Ka sa mu a addu'a, mu da waɗanda muka ɗaure.

Ɗanka,
Nasiru