Tabon Mari a Idon Sawuna

Zuwa ga Manajan kamfanin sayen auduga da na nemi aiki a cikinsa, Gombe.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya tare da iyali. Sunana Yunusa Bappa, ina zaune a Herwagana. Na biyo ta jarida ne domin sau uku ina zuwa ofishinka ana cewa ka fita, alhali ga motarka a inuwa.

1. Kun nemi mai tantance auduga, domin arzikin man fetur ya janye waɗanda suka iya aikin zuwa manyan birane. Muka zo mu tara. Aka zuba mana auduga a tabarma, kowa ya ware lamba ɗaya, biyu da uku. Akawunka ya shaida mini ban kuskure ko tuli ɗaya ba. Shekara shida na yi ina wannan aiki a kasuwannin ƙauye kafin in kwanta ciwo.

2. Ranar Talata ka kira ni karɓar takardar kama aiki. Na gan ta a teburinka da sunana. Na tuɓe takalmi a bakin ƙofa, na durƙusa na gaishe ka kamar yadda aka yi mini tarbiyya. Wandona ya ɗage, ka ga tabon mari a idon sawuna. Ka daɗe kana kallo, sannan ka mayar da takardar aljihun tebur, ka ce za a neme ni. Da na shigo a tsaye da safa irin ta 'yan boko, da yau ina bakin aiki.

3. Ba zan ɓoye ba, na yi taɓin hankali, irin wanda mutum ke jin maganar da ba wanda ya yi. Wata bakwai na yi ɗaure a turke a gidan wani mai magani, kafin yayata Hajara ta kai ni asibiti. Yau shekara huɗu ina karɓar allura duk wata, ban taɓa tsallakewa ba. Tana sa hannuna rawa kaɗan, kuma nakan yi jinkirin ba da amsa. Amma da wannan hannun na ware audugarka.

4. Murya ɗaya ta rage mini. Takan zo ta bayan kunnena na hagu, ko da tsakar rana a kasuwa, ta ce an gama da ni, duk inda na je za a gane ni. Likita ya koya mini cewa ciwon ne ke magana, ni kuma na saba ƙaryata ta da aikin hannuna. Tun daga ranar Talatar nan ba ta yi shiru ba, kuma na rasa abin da zan ce mata. Ina jin tsoro, ranka ya daɗe.

Roƙona shi ne ka aika a tambayi likitana, na yarda ya faɗi komai. Ka gwada ni kaka ɗaya, ga kasuwa ta kusa buɗewa. In kuwa ba za ka ɗauke ni ba, to ka rubuta mini cewa na ci jarrabawar nan, ka sa hannu, in sami abin da zan ciro daga aljihu in karanta duk lokacin da muryar ta fara.

Allah ya ƙara maka girma, ya tsare ka da zuri'arka daga irin wannan ciwo.

Wassalam, naka
Yunusa Bappa