A Goge Rubutun, A Bar Mini Fuskar Sani

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar da ta sa aka yi hoton fenti a bangon asibitin garinmu, a yankin Bodinga.

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali. A yi haƙuri da rubutuna, da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci.

Ni ce matar da ke jikin bangon nan. Shekarar da albasarmu ta ruɓe, maigidana ya tafi cirani shiru, mai zanenku ya same ni a layin awo da ɗana Sani. Ya nemi izini, na ba shi.

Na farko, bai yi mini ƙarya ba. Ya zana fason ƙafata, da koɗaɗɗiyar atamfata, da ƙwaryar da ba ko tsaba a cikinta. Ya zana hannun Sani siriri kamar kara, yana riƙe da wuyan rigata. Har tsagar fuskata ya saka, shi ya sa kowa ya gane ni. Na ɗauka tausayi ne.

Na biyu, sai bana na iya haɗa baƙi, na tsaya na karanta abin da ke ƙasan hoton: an ce kada a zama uwa mai sakaci irin wannan. Ranka shi daɗe, a lokacin sau ɗaya nake cin abinci don in bar masa koko. Ashe abin da ya sa mata ke matsawa in na zauna ke nan. Ba wadda ta taɓa gaya mini.

Na uku, yanzu ina goyon Hadiza, kuma ba ta ƙiba. Ranar awo nakan kai bakin ƙofa in juyo gida. Ina tsoron abin da kunyata za ta jawo mata.

An ce mini za ku iya shafe bangon duka. Don Allah kada a yi. Sani ya rasu da daminar da ta biyo bayan zanen, ba mu da hotonsa ko ɗaya sai wannan. In asibiti ya watse da yamma nakan bi ta can in dube shi.

Roƙona a goge rubutun kawai, a bar fuskarsa. In dole sai an rubuta wani abu, a sa sunansa, yanzu zan iya karantawa.

Allah shi ƙara maka lafiya, shi raya maka zuri'a.

Wassalam.
Uwar Sani da Hadiza.