Baƙar Ledar Motar Baba

Yaya,

Na wuce aiki kana barci.

Ka san sarai ni na manna wa gilasan motar Baba baƙar leda jiya, da ruwan sabulu da tsohon kati, har bayana ya ƙage. Da ya shafa gilashin ya ce wannan aikin ƙwararre ne, lallai kai ka kai ta wajen masu yi. Ya dinga sa maka albarka, kana sunkuye kana "amin, amin". Ni ko sannu ban samu ba!

Ka gaya masa gaskiya kafin in dawo. In bai yarda ba, ka nuna masa gilashin baya na hagu. Silin gashina na nan maƙale a ƙarƙashin ledar.

Ƙanwarka