Kamadu da Gashin Bakin Abel

Ni Mika Yari, saje mai ritaya, tsohon kukun soja, mazaunin Zuru, na rubuta wannan da hannuna a watan Nuwamba na shekarar 2008, hankalina yana jikina, babu wanda ya matsa mini, kuma ban sha komai ba. Uwarku Leah za ta ce muku hankalina ya bar jikina tun ranar da na sauke Kamadu daga mota. Ku girmama maganarta, uwa ce, amma likita ya duba ni ya ce kaina lafiya lau, zuciya ce ta gaji. Ya kuma hana ni nama da gishiri, nan na gane lokacin haɗa kaya ya yi. Abel, Joyce, Godswill, ku zauna wuri ɗaya a karanta muku wannan a gaban uwarku. Kada wani ya karɓi takardar ya shige ɗaki da ita.

Na ɗaya. Gida na uwarku ne iya ranta, da rumbu da abin da ke ciki. Awakinta nata ne, kada a haɗa su da nawa. Nawa su ne waɗanda ake korowa daga lambun maƙwabta, duk unguwa ta san su.

Na biyu. Gonar Manga ba za a raba ta ba. Abel da Godswill za su riƙe ta tare, Joyce tana da buhunanta duk kaka. Na san mutum biyun da na ambata ba sa magana da juna, zan zo kan wannan.

Na uku, Kamadu. Saboda jikokin da za su taso su tarar da shi, bari in faɗi yadda ya shigo gidan nan. Bayan na ajiye kaki na yi wa wani Bature injiniyan ruwa aikin kuku a Kaduna. Yana da wannan murhu na gasasshen yumɓu, mai siffar randa, jikinsa da kauri, da murfi mai nauyi, da ƙofar iska ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. Ya ce asalin irinsa daga Japan ne, sunansa kamado. A zuba gawayi, a ɗora nama a kan waya, a rufe, a bar shi da hayaƙi da zafi kaɗan-kaɗan har ƙashi ya saki nama da kansa. Da Baturen zai koma ƙasarsu a 2001, masu ɗaukar kaya suka ce nauyin ya yi yawa. Ya bar mini shi idonsa cike da ƙwalla, alhali na gani da idona, ko karensa bai yi wa haka ba.

Na naɗe shi da katifa na sa a bayan motar hatsi, na zauna na rungume shi daga Kaduna har Kontagora, daga Kontagora har gida. Kun san hanyar. Duk ramin da muka faɗa sai na kira sunan Yesu, har yaron mota, wanda Musulmi ne, ya fara taya ni da amin. A wani shinge masu duba kaya suka ja da baya suka ce bam ne. Na nuna musu katin soja na buɗe murfi, babbansu ya leƙa ya fito da toka a hanci, ya ce mu wuce.

Da muka iso, uwarku ta zagaya shi a hankali, ta ƙwanƙwasa cikinsa, ta ce: "Yanzu duk zamanka a Kaduna, randar da ba ta riƙe ruwa ka samo mana?" Mutanen unguwa suka mai da sunan Kamadu, ya zauna. Ba a jima ba aka kira mu Birnin Kebbi tantancewar fansho, aka riƙe mu a can ana ta ce mana gobe. Na dawo na tarar ta sa wa kazarta ƙaiƙayi a ciki, kaza ta kwanta a kan ƙwai. Na yi yaƙi a wurare da dama, amma na san inda ba a ja. Na jira har aka ƙyanƙyashe.

To, Kamadu na Joyce ne. Abel, kai ne babba, na san za ka ji zafi. Amma kai mutum ne mai buɗe murfi kana dubawa kamar kana duba fareti, kuma duk buɗewa ɗaya zafin da aka tara ya tafi. Godswill, kai kuma ka taɓa tambayata ko zan ba ka shi ka kai bakin tasha ka riƙa sayar da kaji, ka ce za ka yi masa fenti. Ban manta ba. Joyce tana koyar da 'yan aji ɗaya a Ribah, wanda kuwa ya iya zama da waɗannan ya iya zama da naman ƙirjin saniya a kan wuta. Na ga ta kunna wuta da safe ta zauna tana tsifar kan 'yarta, ba ta taɓa murfin ba sai la'asar, naman nan kuwa da cokali muka yanka shi.

Sai dai Kamadu ba zai bar gidan nan ba. Joyce, mijinki mutumin kirki ne, amma ya ce mini za a iya ɗaure shi a bayan babur da igiyar roba a kai Ribah, tun ranar nake yi masa addu'a ta musamman. In kina son dafawa ki zo gida. In 'yan'uwanki suna son ci su zo gida.

Na huɗu. Dokokinsa, kowa ya sani ko ba shi zai dafa ba. Gawayin ƙirya ake sa masa, manya-manya. Kananzir ba ya zuwa kusa da shi, yumɓu yana shan wari, in ya sha sai ku yi wata kuna cin nama mai ɗanɗanon fitila. Ba a kashe shi da ruwa, a rufe ƙofofin iska zai mutu da kansa, gawayin da ya rage ya yi wani aikin. Nama mai tauri, ƙofar ƙasa faɗin yatsa ɗaya, ta sama ƙasa da haka. Don ƙamshi a jefa guntun busasshen icen tsamiya, guntu na ce, ba reshe ba. A kwashe toka kafin a sake kunnawa. Da damina in ya yi fumfuna kada a wanke da sabulu, a hura masa wuta mai ƙarfi ya ƙone abinsa. Tsagar da ke jikin kaskon wuta na ciki ta daɗe, zafi ne ya yi ta, ba laifin kowa ba ne, kada a yi shari'a a kanta bayan raina. Babbar doka kuma, in wuta ta yi ƙarfi ba a ɗaga murfi gaba ɗaya. A ɗaga kaɗan ya sha iska, a mayar, a sake ɗagawa kaɗan, sannan a buɗe, fuska a gefe.

Na biyar, maganar Abel da Godswill. Duk kuna wurin, amma kowa da yadda yake ba da labarin, don haka ga yadda ni na gani. Kirsimetin 2006 ne. Abel ya zo hutu daga bariki da gashin bakin nan nasa da ya yi shekaru yana kiwo, wanda yake murɗa bakinsa da man kaɗe. Yunwa ta kama Godswill, ya buɗe ƙofofin iska duka don haƙarƙari ya yi sauri, wuta ta tashi. Abel ya gani ya daka masa tsawa kamar kurtu, ya zo ya toshe ƙofofin gaba ɗaya. Ba a daɗe ba ya sunkuya a kai ya ce a buɗe ya ga ɓarnar da aka yi, Godswill kuwa ya fizge murfin da ƙarfinsa duka. Wutar da aka hana iska ta samu iska. Muka ji fuu, harshen wuta ya fito ya koma, Abel ya miƙe babu gira, babu gashin baki a ɓangaren dama, na hagu yana hayaƙi.

Allah ya tsare, ko fatarsa ba ta tashi ba. Abel, ka ce abin da ya ƙona maka rai shi ne dariyar da ƙanenka ya yi har da kwanciya a ƙasa. Ina so ka sani kowa ya yi dariya. Matarka Alice ta shiga bayan rumbu ta yi tata. Ni na ce tari ne ya sarƙe ni, ai ka gani. Godswill dai shi ne bai iya ɓoyewa ba. Na san ka koma bariki ƙananan sojoji suna sara maka suna kallon sama, na san wannan da ciwo. Amma gira ta fito, gashin baki ya dawo, na dama ma ya fi na hagu cika.

Godswill, kai ma da naka. Ba ka taɓa cewa ya yi haƙuri ba, kuma hoton ranar da ka wanke ka manna a shagon gyaran babur ɗinka, na ji har fasinja ake kawowa su gani. Ka cire shi ka ba yayanka da hannunka. Tun ranar nan kun raba mini gida, in wannan ya zo wancan ba ya zuwa. 'Ya'yanku sun haɗu a kasuwar Zuru sun kasa sanin ko an yarda su gaisa. Bara uwarku ta dafa abincin mutum goma sha wani abu, ta zauna tana kallon ƙofa har shinkafa ta huce. Ba ta gaya muku ba, ni nake gaya muku. Da wuya in ga wata Kirsimetin bayan wannan mai zuwa, ina so in gan ku a tabarma ɗaya. In ban kai ba, ku yi a gabanta.

Na shida. Malam Dawuda mai tsire, maƙwabcinmu na bayan katanga. Ranar da na fara kunna Kamadu hayaƙi ya tsallaka gidansa, ya shigo ya ga wa ke shiga masa sana'a. Ya duba ya ce naman da bai ga harshen wuta ba dafaffe ne, kada in kira shi gashi. Na yanko masa cinyar zabo. Ya ci ya suɗe yatsa ya ce ba laifi, ga masu ciwon haƙori. Washegari sai ga shi da kafaɗar rago a cikin takarda, wai yana so ya tabbatar. Har yau yana tabbatarwa.

Mun yi alkawari ni da shi, kuma alkawarin ya hau kanku. Duk abin da zai shiga Kamadu shi ne zai yanka, in ba ya nan ɗansa Nasiruddeen. Alade ba ya hawa wayar nan ko sau ɗaya. Godswill, da kai nake. Akwai rabin duro a bayan gida, ka gasa abinka a can, ba wanda ya hana ka. Amma yumɓun nan abin da ya sha ya sha ke nan, kuma Dawuda ba zai tambaye ku ba, zai ci ne don ya yarda da gidan nan. Da Sallah wani sashen ragon layyarsa a nan yake kwana cikin hayaƙi, da Kirsimeti 'ya'yansa a nan suke cika ciki. A shekarun da gari ya ɗauki zafi, mutane suka fara duba wa za su gaisar wa za su wuce, mutumin nan ta ƙofar gaba yake shigowa da rana tsaka da wuƙarsa a hannu, ya yanka mini zabi, ya zauna a zaure kowa yana gani. An yi masa magana a kan haka, ni ma an yi mini, ba mu fasa ba. Kada ku ɓata wannan saboda kwaɗayin rana ɗaya. Ya kuma yi mini alkawarin gaya mini abin da yake ƙarawa a yajinsa bayan citta da masoro, kullum sai ya ce sai na girma. Joyce, ki bi ta wajen 'yarsa Rufaida.

Na bakwai, ƙananan abubuwa. Lambobin yabona da kwat ɗin coci na Abel ne. Rediyo da keke na Godswill. Wuƙaƙena na Alice ne, ita kaɗai ke mayar da su inda ta ɗauka. Baron da ke bayan ɗaki na Magdalene mai waina ne, na ara don ɗauko gawayi, a mayar mata a ba ta haƙuri, tayar ma a gyara. Na yi wa Rabaran alkawarin gasasshen zabo tun bikin girbi, duk Lahadi yana kallona daga kan bagade, a sauke mini wannan nauyi.

Na ƙarshe, ranar da za a kai ni. Ba na son a ci bashin shanu don a burge mutane. Baƙin tauren nan da nake ba dusa ya isa. Dawuda ya yanka. Abel da Godswill su ɗauki Kamadu su kai gindin mangwaron tsakar gida, ɗaya ta nan ɗaya ta can, kada wani ya taya su, mutum ɗaya kuma ba zai iya ba, na gwada a lokacin da nake da ƙarfi. Joyce ta kunna tun da sassafe ta rufe, sannan ku tafi coci. Ku bar Rabaran ya yi wa'azi iya son ransa, kada kowa ya duba agogo, taure yana bukatar lokacin.

Ubangiji ya sa muku albarka, ku da matanku da mijinki Joyce da 'ya'yanku. Ya ba ku lafiya da abin sawa a wuta, ya ba ku mutanen da za ku ci tare da su. Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini. Ku riƙe juna, ku riƙe maƙwabta, kada gidan nan ya zama wurin da ake zuwa sai an yi mutuwa. Ku riƙe uwarku. Ranar nan in an sauke nama ita za a fara zuba wa. Za ta ce ba ta ci. Kada ku matsa mata, ku ajiye kwanon kusa da ita, ku zauna a gefenta ku ukun, ku yi ta hirarku kamar ba ku gani ba.

Ubanku,
Mika Yari