Bishiyar Lemon Tasha Ce Ke Shan Maganina

Goggo Peng, ki taimake ni kafin Asabar, don na rasa inda zan sa kaina.

Ni direban bas ne a nan Chongqing, shekara ashirin da shida ina kan sitiyari. Matata Guilan mace ce ta gari, sai dai in ta kama abu ba ta saki. Tun da yayanta ya rasu da ciwon ƙoda a bazarar da ta wuce, ta koma likitar gidanmu. Ta manna a bangon kicin hoton abin da masu maganin gargajiya ke kira hanyar mafitsara, wadda ke tasowa daga lungun ido, ta haye ka, ta gangaro gefen ƙashin baya har ƙaramin yatsan ƙafa. Wai ita ce magudanar jiki, in ta toshe dafi ya taru. Duk Lahadi sai ta kwantar da ni ta kankare min baya da ƙahon ɓauna har ya yi ja, tana cewa, “Dubi dattin da ke cikinka, Tsoho, ko kwata albarka.” Wannan kam ba na ƙorafi, har barci nake yi.

Matsalar shayin gemun masara ce. Ta ce hanyar ta fi buɗewa daga ƙarfe uku zuwa biyar na yamma, don haka a lokacin zan shanye fulas guda cur. To, ƙarfe huɗu ina tsakiyar gada cikin cunkoso, da mutum sittin a bayana. Wata Laraba abin ya fi ƙarfina, na tsayar da bas na ruga bayin wani shagon taliya, fasinjoji na leƙe ta taga, wata tsohuwa har da tafa min da na dawo. Washegari aka ba ni takardar gargaɗi. Kunya ta hana ni faɗa wa Guilan.

Tun ranar nake juye shayin a tukunyar wata bishiyar lemo da ke bakin ofishinmu a tasha. Wata huɗu ke nan. Bishiyar da ta kusa bushewa yanzu har ta yi 'ya'ya. Ita kuwa Guilan kullum sai ta girgiza fulas, ta ji wayam, ta ce fuskata ta yi haske. Ga shi ta yi wa ƙawayenta na rawar dandali alkawari zan tsaya gabansu ran Asabar in ba da shaida. Shekara talatin da ɗaya da aurenmu ban taɓa yi mata ƙarya mai tsawo haka ba, kuma abin yana cin raina. In faɗa mata ta ji kunya, ko in je in yi ƙaryar a bainar jama'a?

Direban da Ya Matsu

*

Malam Direba, na yi dariya, amma na tausaya muku ku biyu.

Kana da gaskiya a abu ɗaya. Mai tuƙa mutum sittin a kan gada bai kamata hankalinsa ya koma mararsa ba. Wanke jini aikin ƙoda da hanta ne, kuma ba sa duba agogo. Ruwan da ka sha da safe ko bayan ka tashi aiki bai fi na ƙarfe huɗu rashin amfani ba. Jan da ke fitowa a bayanka ma ƙananan jijiyoyin jini ne suka ji ƙaho. Amma tunda yana sake maka jiki, kar ka hana ta, ka dai ce ta sassauta hannu.

Inda ka yi kuskure shi ne da ka ɗauka maganar shayi ce. Matarka ta ga yadda ciwo ya cinye ɗan'uwanta ba wanda ya lura da wuri, yanzu tsoro take kada kai ma ka suɓuce mata haka. Duk ranar da ta ji fulas wayam, hankalinta na kwanciya a kan abin da babu shi. Wannan ya fi kunyar Asabar nauyi.

Ka faɗa mata yau, har da zancen shagon taliya. Za ta yi faɗa, daga baya ta yi dariya. Sannan ka ce ta raka ka asibiti a gwada jininka da fitsarinka, a duba ƙodar da gaske, ka miƙa mata takardar sakamakon a hannunta. Shayin kuma ka sha rabi da safe, rabi in ka ajiye mota. Ran Asabar ka je ka yabi ƙahon ɓauna, tunda a kansa ba ka da abin ɓoyewa.

Kuma ka roƙi shugaban tasha ya bar maka bishiyar, ka kai wa Guilan gida. Wata huɗu tana tashi da sassafe tana dafa wa wani abu magani, ya kamata ta ga wanda ya warke. Ina muku fatan lafiya da tsawon kwana tare.

Goggo Peng