Ƙwayar Kodin Ta Kama Matata da Cikin Wata Bakwai

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. A sakaya sunana, kuma don Allah kada a zage ni sai an ji ƙarshe.

Aminina ya cuce ni. Mai kemis ne a garinmu nan gefen Maska, tare muka shiga elementare, ni na tsaya a aji huɗu. Shi yake sayar wa matata ƙwayar kodin a bayan idona, alhali ya san tana da ciki. Ban sani ba sai da na buɗe wata langa a cikin jerenta na ga ƙwayoyin ƙunshe a tsumma. Raina ya ɓaci, na kwashe na zuba a masai. Ashe ɓarna na yi. Washegari ta kama gumi da makyarkyata, ga amai ga zawo, ciki yana ɗaurewa kamar haihuwa ta zo, muka sa ta a motar a-kori-kura sai asibiti a Malumfashi. Ungozoma ta wanke ni tas. Ta ɗauko takarda mai hotuna da suke karanta wa masu awo, ta ce mai ciki ba a raba ta da wannan ƙwaya farat ɗaya, don na cikin ma ya saba, ana iya ɓari ko bakwaini. Likita ne zai lura da ita, kuma a wurinsu za ta haihu don a duba jaririn. Amma sai an faɗa musu gaskiya, yaushe ta fara, wa ya fara ba ta. Matata ta dube ni ta sunkuyar da kai. Na ce ban sani ba.

Ƙarya na yi, ni ne. Mu nan muna jefa wa 'yan ƙwadago ƙwaya a kunu don su yi huɗa ba gajiya. Bara da cirar auduga ta yi kukan ciwon baya, na ba ta daga cikin ƙwayar tasu, har ina murna ta miƙe. Wane irin miji ne wannan? Babanta ya zo asibiti ya ce ta zubar masa da mutunci, ya haramta mata ƙofar gidansa, ina tsaye. Ta sha kukanta, ba ta kama sunana ba.

Jiya na sami mai kemis a shagonsa. Ko kunya babu ya ce, "To Malam, wa ya ba ta ta farko?"

Na ce, "Ni na kunna wutar, kai ka yi ta zuba kananzir. In yaron nan bai zo da rai ba, ni da kai za mu kai shi kushewa, kuma a can zan gaya wa jama'a dalili."

A gaban mai kemis na iya magana, amma a gaban surukina da ungozoma bakina ya mutu. Ranar awo ta kusa, za a sake tambaya. Jama'a, me zan yi?